Ranar da Baffa Ya Gyara wa Yayansa Magana

Baffa ya rasu ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan gero, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanen mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekarun aikinsa kaf a kwalejin horar da malamai ya yi su, yana koyar da abu guda: yadda mutum zai miƙe a gaban jama'a ya yi magana a ji shi, a kuma gane shi. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, don kuma na san mutanen garinmu. In na bar musu labarin kwana ukun nan na makoki, kafin baɗi sun zuba masa gishirin da ni kaina ba zan gane shi ba.

Da aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, kowa da irin abin da ya fito daga bakinsa. Liman ya ce gari ya yi rashin baki. Goggo, ƙanwarsu, muna jiyo kukanta daga cikin gida tana cewa, "Wayyo ɗan'uwana! Yanzu wa zai riƙa ce mini in daina haɗiye ƙarshen magana?" Wani dattijo maƙwabcinmu kuwa, bayan ya shafa fatiha, sai ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Ni kam in tambaye ka. Wai da gaske aikin marigayi ke nan, koya wa ƙarti magana? Ni na ɗauka magana a bayan uwa ake koyonta."

Na ce, "Da gaske ne, Baba. Har jarrabawa ake yi, wasu su faɗi."

Ya riƙe haɓa ya ce, "Ikon Allah! A faɗi a magana?"

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba, shi ne mahaifina. Yana zaune a tsakiyar tabarma da carbi, in an ce masa ya haƙuri ya ce da godiya, shi ke nan. Kowa yana satar kallonsa, kuma kowa ya san dalili. A garinmu, ranar sadakar uku, bayan liman ya shafa addu'a, babban gida ne ke miƙewa ya yi wa jama'a godiya, ya ce shi ya yafe wa mamaci, ya roƙar masa gafarar kowa. Babban gidanmu Baba ne, wato mahaifina. Shi kuma Baba ya fi shekara goma bai miƙe ya yi magana a taro ba, ko na suna, ko na ɗaurin aure, kuma Baffa ne sanadi. In jibi ta zo Baba ya ƙi tashi, gari kaf zai watse da cewa ya bar ƙanensa ya kwanta da fushinsa. Wannan shi ya hana ni sakat tun a maƙabarta.

Washegari tsofaffin ɗalibansa suka fara zuwa, wasu a mota, wasu a babur, wasu motar Ɗambatta ta sauke su a bakin titi suka tako. A nan na ji abin da ya ɗaure mini kai. Manyan cikinsu, sa'o'ina masu furfura a gemu, da sun gama gaisuwa sai su girgiza kai su ce, "Allah ya jiƙan Malam, amma fa mun ji jiki! Ya wanke mu tas a gaban aji." Ƙananan kuwa, waɗanda suka gama a 'yan shekarun nan, cewa suke, "Malam ai bai taɓa kunyata ɗalibi ba, ko sau ɗaya." Na dubi waɗannan, na dubi waɗancan, na ce a raina anya Baffa ɗaya ake magana?

Domin ni ma na zauna a ajinsa, tun kafin in bar alli in koma cinikin hatsi a Dawanau, kuma ni Baffan manyan na sani. Ran farko da ya kira ni gaban aji, na fito da takardata na duƙufa a kanta ina karantawa. Ban kai layi uku ba ya zare ta daga hannuna ya ninke ya sa a aljihu.

"Wa kake yi wa magana, takardar ko mutanen?"

Na ce, "Mutanen, Baffa."

"A nan ba ni da ɗa. Malam za ka ce. Ɗago kanka. Ka ga waccan yarinyar ta kujerar ƙarshe? Ita za ka yi wa magana. In ta ji, kowa ya ji."

Na buɗe baki na ce, "To, da farko dai, kamar yadda kowa ya sani..." Ya ce, "In kowa ya sani koma ka zauna, ka hutar da mu." Aji ya kwashe da dariya. Sati biyu na yi ina kewaye ofishinsa, in na hango hularsa sai in canza hanya.

Abubuwan da ya tsana ba su da yawa, amma ya tsane su da gaske. Ya tsani doguwar shimfiɗa, kullum cewa yake ka fara da abin da ya tashe ka. Ya tsani mai magana yana kallon ƙasa. Ya tsani "a taƙaice" daga bakin wanda bai da niyyar taƙaitawa, yakan ce da zarar ka ji ta, gyara zama. Ya kuma tsani makirufo, wai yana lalata huhun yara. In kaka ta yi, sai ya ciko mota da ɗalibai ya kawo su gonarsa da ke bayan gari. Ya tsayar da mutum a wannan iyakar, shi ya je ya tsaya a waccan, ya ce a yi masa bayanin yadda ake yin takin gargajiya ba tare da ihu ba. Manoman da ke maƙwabtaka da shi har ajiye lauje suke su zo kallo. Idan ɗalibi ya gama, Baffa ba ya ba da maki sai ya juya ya tambayi ɗaya daga cikinsu, "Malam, me yaron nan ya ce?" In manomin ya iya maimaitawa, ka ci. In ya ce shi dai ya ji Turanci yana tashi, sai ka sake.

Kada in zalunce shi, ko a wancan zamanin yana da taushinsa. Akwai wani ɗan ajinmu mai i'ina, wanda in ya kama kalma ɗaya sai gumi ya jiƙa masa riga. Har ya haɗa kayansa zai bar makarantar. Baffa ya tare shi a bakin ƙofa, ya ce daga ranar kullum shi zai riƙa raka shi masallaci da azahar, yana ba shi labarin garinsu a hanya. Zango guda suna wannan tafiya, Baffa bai taɓa ƙarasa masa kalma ba, sai dai ya rage sauri ya jira. Wannan mutumin yana cikin waɗanda suka zo gaisuwa, yanzu shugaban makarantar firamare ne. Har yau yana i'inarsa, amma da ya miƙe yin addu'a babu wanda ya yi motsi har ya gama.

To, abin da ya shiga tsakaninsa da Baba kuwa a gabana aka yi. Wata shekara aka ce za a haƙa mana rijiyar burtsatse, aka tara gari a ƙofar dagaci don a tsayar da wuri. Baba yana so a haƙa ta a unguwar gabas, saboda matan can su ne ke tafiya mai nisa da tulu. Kwana biyu yana juya maganar a ransa. Da aka ba shi dama ya miƙe, ya haɗa hannuwa, ya sunkuyar da kai yadda aka tarbiyyantar da shi, ya fara gaishe da dagaci, ya gaishe da liman, ya gaishe da baƙin da suka zo daga ƙaramar hukuma, ya tambaye su hanya, ya koma kan dattawa ɗaya bayan ɗaya. Muryarsa dama ba ta da ƙarfi. Baffa yana zaune a gefe, ya zo hutu daga kwaleji, ina ganinsa yana murza yatsu kamar wanda ƙaiƙayi ya dama. Can sai na ji muryar nan tasa ta aji, wadda ke kaiwa kujerar ƙarshe.

"Yaya, ba a jin ka a baya. Ɗago kanka, ka bar gaishe-gaishen nan, ka fara da abin da ya tashe ka."

Na rantse ba da mugunta ya faɗa ba. Bakinsa ne ya riga shi, shekara da shekaru yana faɗin haka sau goma a yini. Amma samarin da ke baya suka tuntsire da dariya, har ɗaya daga cikin baƙin ya rufe baki da hula. Baba ya tsaya cak. Ya dubi ƙanensa, wanda ya goya a bayansa, wanda ya yi wa noma ya tura makaranta, ya ce, "To, Malam." Ya tattare rigarsa ya zauna. Aka yi juyin duniya ya ƙarasa, ya ce ya gama. Rijiyar a unguwar yamma aka haƙa ta, har yau matan gabas suna tafiyarsu.

Ba su yi gaba ba, kada wani ya ɗauki alhakinsu. Kullum Baffa yana gari sai ya zo da safe ya durƙusa a zaure. Ina kwana, lafiya lau. Ya iyali, lafiya lau. Ya ruwa, ya yi gyara. Daga nan sai shiru, sai Baffa ya ce to bari in ƙarasa, Baba ya ce a gaida gida. Hirar da suke yi a da har rana ta take, ta mutu. Liman ya taɓa shiga tsakani, ya zo ya ce wa Baba ƙanenka fa yana cikin nadama. Baba ya ce, "Ai yana da baki, Malam. Duk garin nan wa ya kai shi?"

Wannan Baffan na sani. Shi ya sa da ƙananan ɗaliban suka yi ta cewa bai taɓa kunyata kowa ba, na kasa haƙuri. Ni dama akwai ni da bin diddigi, a kasuwa ma sun san ni, ba na sayen buhu sai na zura hannu har ƙasa. Na ja ɗaya daga cikinsu gefe, wani saurayi malamin gona, na ce, "Ɗan'uwa, don Allah fid da ni daga duhu. In mutum ya yi shirme a gaban aji, me Malam yake yi masa?"

Ya ce, "Ba ya cewa komai, Alhaji. Zai bar ka ka gama, ko da kana ta zuba kamar kanya. Ya ce an gode, a tafa maka. Sai an tashi ya ce ka riƙo masa jakarsa zuwa gindin bishiya. A can, ku biyu, zai fere ka son ransa."

Na ce, "Baffa? Ya bar mutum ya gama?"

"Wallahi. Kuma ranar ƙarshe ta zango ba ya koyar da komai. Sai ya rufe ƙofa ya ba mu labarin wani malami da ya gyara wa yayansa magana a gaban gari. Ya ce yayan yana da gaskiya a abin da ya tashi faɗa, kuma gaishe-gaishen da yake yi ba ɓata lokaci ba ne, yana shimfiɗa wa maganarsa tabarma ne yadda mutanen wurin suka saba, malamin ne bai gane ba. Ya ce duk abin da na koya muku in kun manta ba komai, amma kada ku tsinka mutum yana tsaye."

"Ya faɗi sunan malamin?"

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Bai taɓa faɗa ba. Amma kowane aji ya sani, don in ya zo wurin da yayan ya zauna, muryarsa ba ta kaiwa ko layi na biyu."

Na taka gidan Baffa wurin matarsa, tana zaune a ɗaki cikin takaba. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ashe abin nan yana cin sa haka, me ya hana shi faɗa wa Baba?"

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Kai dai bari. Sau nawa ina jin sa a ɗakin nan yana bita, kamar ɗalibin da zai shiga jarrabawa? Ya tsara ta, ya rushe, ya sake tsarawa. Ya sa hula ya fita. In ya dawo in ce, Malam, ka faɗa? Sai ya ce, mun gaisa."

Ka ji fa! Mutumin da ya buɗe bakin ɗaruruwan 'ya'yan mutane, kalma uku, "ka yafe mini", ta gagare shi a zauren gidan ubansa. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun a soron tsakiya, inda ba mai gani na.

Bayan la'asar na duba tabarma ban ga Baba ba. Aka ce an ga ya bi hanyar bayan gari. Na same shi a gonar Baffa, inda geron da aka yanka ranar rasuwar yake zube ba a ɗaure ba. Tsoho ya naɗe hannun riga yana haɗa dami.

Na ce, "Haba Baba, mutane na can suna jiran ka."

Ya ce, "A bar hatsi a ƙasa gara ta cinye?"

Na duƙa na kama masa. Ni ɗan fari ne, ba ya kiran sunana, ni ma ban saba doguwar magana da shi ba. Amma ranar na daure, muna ɗauri ina ba shi labari, na malamin gona da na matar Baffa, ban rage komai ba. Na ɗauka zan ga ya sauko. Ina! Sai ya ja igiyar damin nan da ƙarfi har ta tsinke.

"Ya faɗa wa 'ya'yan mutane. Shekara nawa yana faɗa musu. Ni da aka yi wa, ina nan zaune a zaure kullum, taku nawa ne daga gidansa?"

"Baba, nauyinka yake ji."

"Ranar bai ji nauyina ba."

Gaskiya ya faɗa. Can na ce, "To gobe fa? In ba za ka iya ba, ni sai in tashi a madadinka."

Ya ɗauki wata igiyar ya ce, "Riƙe nan."

Ranar Alhamis da safe ƙofar gida ta cika har bakin hanya. Aka yi karatu, aka raba gumba da waina, liman ya shafa addu'a. Sannan ya juyo ya ce, "Ko babban gida yana da magana?" Baba yana kallon carbinsa. Na ƙirga numfashina har biyar, na ga dattawa sun fara haɗa ido, na ce shi ke nan, ta faru. Na dafa ƙasa zan miƙe, sai na ji hannunsa a gwiwata, ya danne ni.

Ya tashi da ƙyar. Wani yaro daga cikin baƙi ya miƙo makirufo, ya kawar da shi da bayan hannu. Ya haɗa hannuwa, ya sunkuyar da kai, ya fara gaishe da dagaci. Ya gaishe da liman. Ya gaishe da baƙi, ya tambaye su hanya. Muryar nan ƙasa-ƙasa, ko na layi na uku ba sa ji. Ina ta jiran wani ya ce a ɗaga murya. Sai na ga malamin gonar nan ya miƙe a hankali, ya zo ya tsuguna kusa da ƙafar Baba. Sauran ɗaliban suka biyo shi, manya da ƙanana. Mutanen gari da suka ga haka su ma suka jawo tabarminsu, har aka yi masa zobe. Ba wanda ya katse shi, aka bar shi ya gaishe da kowa har ya ƙare.

Sannan ya ce, "Wannan da ya tafi ƙanena ne. Ya yi mini abu a gaban mutane, kun sani. Na yafe masa duniya da lahira." Ya ƙara da cewa, "Ni ma na riƙe shi ya wuce kima. Kullum yana zuwa da magana a bakinsa, ina gani, ban taɓa ce masa zauna ka faɗa ba. Ku yafe masa. Ni kuma ku taya ni roƙon Allah."

Wurin ya ɗauki amin, muna jiyo kukan Goggo daga bayan katanga. Na riƙe hannunsa na shigar da shi zaure, na zaunar da shi a kan buzunsa. Ya daɗe yana mai da numfashi. Can ya ɗago ya dube ni.

"An ji ni kuwa?"

Na ce, "An ji, Baba. Har na bakin hanya sun ji."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi bakin ƙofa, inda Baffa yakan durƙusa, ya ce, "To. Shi ne dai bai ji ba."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya isar masa da abin da yayansa ya faɗa.